Babi na Bakwai: A Ruwa Babu Gefen Titi

Duk wanda ya saba shiga mota a garejin Television da ke Kaduna, ko Kachiya da Kafanchan ya nufa ko hanyar Abuja ya kama, ya san abin da ake yi idan mota ta mutu a hanya. Direba ya gangara da ita gefen titi, kwandasta ya sa dutse a bayan taya, ya karyo ganye ya jera a kan kwalta, fasinjoji su sauko suna tsaki, wasu su nemi inuwa, wasu su sayi rake. A buga wa makaniki waya, ya zo a kan acaɓa da sifanoninsa a buhu. Asarar da aka yi ba ta wuce ta lokaci da ɗan kuɗin gyara ba. Da wannan muka tashi mu mutanen tudu, har ya zame mana jiki cewa mutuwar inji ɓacin rai ce kawai. To amma 'yan kilomitoci arewa da garejin akwai kogin da garin ya samo sunansa daga kadojinsa, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa Kaduna, ya cika madatsun Shiroro da Zungeru, ya je ya faɗa kogin Neja daura da Patigi bayan tafiyar kusan kilomita 550. A kan wannan ruwa, da kuma shi babban kogin Neja da mutanen Yawuri ke kira Kwara, dubban jama'a ke zuwa kasuwa da biki da ta'aziyya cikin jiragen katako masu inji a gindi. A can babu gefen titi, babu tayar da za a sa wa dutse, babu acaɓar da za ta kawo makaniki. Shi ya sa nake ganin matuƙin jirgin ruwa dole ne ya zama makanikin jirginsa, kuma duk wani shiri na rage hatsarin jiragen ruwa a ƙasar nan da ya tsallake wannan, daga tsakiya ya kamo zancen.

Injin da ake maƙalawa a gindin jirgi ba baƙo ba ne ga makanikan Television, ko da akwai waɗanda ba su taɓa kwance shi ba. Ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, kuma danginsu ɗaya da tsofaffin baburan Suzuki da Vespa masu hayaƙi. A tsaya a rumfar mai gyaran janareto a yi kallo. Ya ja igiya sau uku inji ya ƙi tashi, sai ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi baƙi ya kankare shi da burushin waya, ya jingina shi a jikin ƙarfe, ya sake jan igiya ya ga ko zai ba da wuta. In wuta lafiya, ya sauke kofin kafireta ya juye abin da ke ciki a murfin gwangwani, sai ga ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur kamar ƙwayar ido. Ya ce wa yaronsa, "Kai, miƙo min siririyar wayar nan," ya tsokane 'yar kafar da mai ke bi, ya hura da baki, ya mayar. Sannan ya waiwayi mai janareto: "Oga, ruwa ne a manka." Aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Wannan ilimin, kusan yadda yake, shi ne rabin abin da injin jirgi ke nema. Tun da Ole Evinrude ya ƙera nasa a Amurka a 1909, kuma Yamaha ta fitar da nata na farko a 1960, tsarin bai sauya sosai ba a irin waɗanda muke amfani da su. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40 ko 75, wanda ya cika mashayun Kainji da tafkin Chadi, an ƙera shi ne da gangan ba tare da kwamfuta ba, yadda mutum zai iya gyara shi da sifana da sukudireba da filaya.

Sauran rabin shi ne inda injin jirgi ya rabu da janareto, kuma a nan ake samun yawancin matsala. Janareto da iska yake sanyaya kansa, injin jirgi kuwa da ruwan kogin da yake tafiya a kai. A can ƙasa, kusa da farfela, akwai wani ɗan famfo mai fikafikan roba da ke tsotso ruwa ya tura shi sama ya zagaya kan inji, sannan wani ɓangare ya fito ta wata 'yar kafa a gefe, siriri kamar fitsarin yaro. Wannan siririn ruwa shi ne shaidar cewa inji na shan ruwa. Kogunanmu yashi ne da laka, musamman da damina, kuma yashi na cin robar nan a hankali. Leda ko ciyawa ko kainuwa ta toshe kafar da ruwa ke shiga. Wani lokaci ma zanzaro ne zai yi gini a kafar fita idan an jingine inji kwana biyu. In ruwan ya tsaya ba a lura ba, cikin 'yan mintoci inji ya yi zafi, fistin ya cije, shi ke nan an gama. Sai kuma batun haɗin mai. Irin waɗannan injuna ba su da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya shi, kuma awon da aka fi bi shi ne kashi ɗaya cikin hamsin, wato rabin lita a jarka mai lita 25. A rage, inji ya ci kansa. A ƙara, fulogi ya cushe da baƙi ya daina ba da wuta. Da yawa da ido suke awon, da kowane irin mai ya samu, har da wanda aka juye daga mota. Shi kansa fetur ɗin, kafin ya isa ƙauyen bakin ruwa ya bi ta durom da jarkoki da mazurari da hannun 'yan bumburutu, ya kwana a rana ya sha raɓa. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya kashe motoci a manyan birane. In gidan mai na birni zai iya sayar da irin wannan, sai a ƙiyasta abin da ke cikin jarkar da ta kai Malale ko Shagunu a bakin tafkin Kainji. Na ƙarshe farfela: ta daki kututture ta lanƙwashe, ko ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ya karye, ko zaren koma ya nannaɗe a bayanta ya yanke robar da ke hana ruwa shiga man giya.

Mai karatu zai iya cewa to, inji ya mutu a ruwa, sai a ɗauki filafili a tuƙa zuwa gaɓa, ko a jira wani jirgin ya ja. Haka ne idan ruwa kwance yake. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne injin da ke da ɓoyayyen ciwo ya fi mutuwa a daidai lokacin da hadari ya taso, kuma akwai dalili. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka shi da dattin da ke cikin tanki kwanciya suke a ƙasa, inji ya yi wata yana aiki ba su dame shi ba. Ranar da igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgi, sai a kaɗa tankin kamar ana kaɗa nono, ruwa da datti su tashi su bi tiyo su shiga kafireta. A wannan lokacin ne kuma matuƙi ke murɗa wuta har ƙarshe don ya tsere wa hadari, sai robar famfon da ta gaji ta kasa, sai fulogin da ya tsufa ya fara tsallake. Gindin jirgi na ɗagawa farfela ta fito fili ta yi ihu, ya koma ta nutse, feshin ruwa na shiga ta murfin da ya fashe aka ɗaure da roba. Hadarin ƙasarmu kuwa ba ya sallama. Daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, a jere kamar bango, yana gudun da ya kai kilomita 50 a awa, iska ce ke riga ruwan sama isowa, kuma ya fi zafi a farkon damina da ƙarshenta. Tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa a inda ya fi buɗewa ya kai 24. A yi lissafi: jirgin da aka laƙa wa kaya, in yana yin kilomita 12 a awa, awa biyu zai yi kafin ya ƙetare wannan wuri, alhali hadarin da aka hango a nisan kilomita 25 rabin awa ya ishe shi. Iskar kuma da ta share faɗin tafkin tana tara igiya, kafin ta isa gaɓar Borgu ta zama abin tsoro. Ba banza ba bakin Bahaushe ya bar ƙugiya ɗaya kacal tsakanin hadari da haɗari.

Ga abin da ke faruwa daga nan. Muddin inji na aiki, matuƙi na iya karkata hancin jirgi ya fuskanci igiya, ya hau ta ya sauka, ya rage wuta ya ƙara yadda ta kama. Da zarar ya mutu, doguwar jirgi ba ta tsayawa yadda aka bar ta, iska ce ke juya ta har ta ba igiya haƙarƙarinta. Jirgin da aka cika, abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce taƙi ɗaya ba. Igiyar farko ta watso ruwa ciki, yaron jirgi ya fara kwarfa da yankakkiyar jarka, matuƙi ya juya baya yana jan igiyar inji, ba mai kallon gaba. Ruwan da ya shiga shi ma ya zama kaya, kuma kaya ne marar zama wuri ɗaya: jirgi ya karkata dama ya kwarara dama, ya ƙara masa karkata. Mata su rungumo yara su miƙe, jama'a su ruga ɓangaren da ya ɗaga, babura da buhunan da ba a ɗaure ba su zame. Filafili biyu ba sa juya jirgin da ke ɗauke da mutum ɗari. Tsakanin mutuwar inji da kifewa, sau da yawa lokacin bai kai wanda mai gyaran janareton nan ya ɗauka yana wanke kafireta ba, don haka gyaran da zai yi amfani tun a mashaya ake yin sa, kafin a kwance igiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wasu mutane a duniya da suka daɗe da gane wannan, kuma abin mamaki ba talakawa ba ne. A Turai da Amurka da Ostareliya ana samun iyalai da ke sayar da gida su koma zama cikin ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, mai ɗaki da kicin da ƙyallen da iska ke turawa da injin dizal a ciki, su yi shekaru suna yawo daga tsibiri zuwa tsibiri. Mai irin wannan jirgi, ko likita ne ko lauya kafin ya bar aiki, sai ka same shi da baƙin mai har gwiwar hannu, yana canja matatar mai, yana fitar da iskar da ta shiga bututun dizal, yana da robar famfo biyu ko uku a ajiye, domin kuɗinsa ba zai kira masa makaniki a tsakiyar teku ba. RNLI, ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya da Ayalan da aka kafa a 1824, ta daɗe tana bayyana cewa lalacewar inji na cikin manyan dalilan da ke sa a kira ta ceton jiragen shaƙatawa. Maganin da ƙungiyar masu jirage ta RYA ta fito da shi kuwa kwas ne na yini ɗaya tak, wanda ba a tambayar mai shigarsa ko ya taɓa riƙe sifana. Haka kuma a watan Agustan 1979 guguwa ta afka wa jirage 303 da ke tseren Fastnet tsakanin Ingila da Ayalan, 'yan tsere 15 suka mutu. Aka zauna aka bi jirgi ɗaya bayan ɗaya ana tambayar me ya faru, aka buga rahoto, aka gano cewa jiragen da aka gudu aka bari 24 ne amma biyar kaɗai suka nutse, wato wasu sun bar abin da zai cece su. Daga nan aka sauya ƙa'idojin tseren. Mu ma muna da masu kwana a jirgi: Sarkawan Kabi da Yawuri da ke bin kifi har tafkin Chadi da Lagdo a Kamaru da Yeji a Gana, da fataken da ke tashi daga Doron Baga zuwa tsibirai, da iyalan Bozo na Mopti a Mali masu rumfar tabarma a kan jirgi da murhu a ciki. Su ma mai iya gyara a cikinsu ba ya rasa daraja. Inda giɓin yake shi ne jirgin fito na ranar kasuwa, wanda mai shi ke zaune a gari, ya damƙa wa yaro matashi ya ce ya kawo balas da yamma.

Babbar sukar da za a yi wa wannan magana ita ce manyan hatsarurrukan da suka girgiza Arewa ba inji aka ce ya jawo su ba. Jirgin da ya tsage a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi ranar 26 ga Mayun 2021, da mutum fiye da 150 da babura a ciki, lodi aka ɗora wa laifi da tsufan katako. Na Bagwai a madatsar Watari ta Kano, ranar 30 ga Nuwamban shekarar, wanda ya ci aƙalla rai 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, shi ma lodi. Na Patigi a Yunin 2023, da ya kashe 'yan biki fiye da 100, cikin dare ne aka ce ya daki kututture. Na Gbajibo a Mokwa, ranar 1 ga Oktoban 2024, mutum kusan 300 ne a jirgi ɗaya da daddare. Ba na musun ko ɗaya. Kututturan Kainji ma gaskiya ne, domin lokacin da ruwa ya cinye tsohuwar Bussa aka tashi mutum kusan 44,000, ba duk dajin aka sare ba, itatuwan na nan tsaye a ƙarƙashi, suna matsowa sama duk lokacin da ruwa ya ja baya. Amma a lura da abu biyu. Na farko, kalmar lodi bayani ce da ake bayarwa washegari a bakin ruwa, kuma ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci: jirgin da ya yi shekara yana ɗaukar wannan lodin duk mako yana isa lafiya, me ya bambanta ranar? Kusan kullum akwai abu na biyu da ya haɗu da lodin, ko iska, ko duhu, ko karo, ko jirgi ya rasa abin da zai juya shi. Na biyu, su kansu lodin da tafiyar dare suna da alaƙa da inji. Injin da ba ya ba da cikakken ƙarfinsa shan mai yake yi, kuɗin man kuma a kan fasinja ake fanshe shi, wato a ƙara mutum goma. Jirgin da ya ɓata awa biyu a mashaya ana jan igiya ya ƙi tashi, shi ne wanda zai taso bayan magariba. Matuƙin da ya hango kututture a kusa, da ƙarfin inji zai kauce masa, in giyar baya ta lalace tun bara ba a gyara ba sai dai salati.

Abin da hukumomi suka fi mayar da hankali a kai shi ne rigar kariya da dokar hana tafiyar dare. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta rigar. HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki da ke Minna, ta rarraba riguna a garuruwan da ke kewaye da madatsun ruwa. Ma'aikatar harkokin teku ta tarayya ta sanar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12 a 2025. Rigar na ceton rai, wanda ya raina ta bai taɓa ganin uwa da goyo a ruwa ba. Sai dai aikinta na farawa ne bayan jirgi ya kife, kuma abu ne da ake iya ƙirgawa a ɗauki hoto ranar rabo, shi ya sa ta fi shiga ran jami'ai. Canja robar famfo ba ya fitowa a talabijin.

Wasu za su ce ajali ne, in ya zo ba inji ba makaniki. Gaskiya ne, amma malaman Musulunci da na Kirista duka ba su taɓa koyar da cewa dogaro ga Allah na nufin barin sababi ba, kuma mai wannan magana ba ya hawa motar da ya san ba ta da birki. Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta talauci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta haura 1,000, Naira ta faɗi, kayan gyara na ainihi suka yi tsada, jabu suka cika kasuwa. Yaya za a ce wa mai jirgin da ke neman na cefane ya riƙa canja abin da bai lalace ba? Amsar tana cikin lissafin kansa. Fulogi biyu, robar famfo ɗaya, ɗan ƙarfen farfela, igiyar tayarwa, kwalbar awon mai da ƙyallen tace fetur, duka kuɗinsu ɗan ƙanƙani ne a kan na fistin da ringi da karanshaf idan inji ya buga, balle sabon inji da ake maganar miliyoyi. Zuba fetur a farar kwalba a bar shi ya kwanta a ga ko akwai ruwa a ƙasa, kyauta ne. Kallon siririn ruwan nan kafin a tashi, kyauta ne. Anga da doguwar igiya, ko ma bokiti da aka ɗaure a hancin jirgi aka jefa ruwa don ya riƙe hancin yana fuskantar igiya idan inji ya mutu, dabara ce da masu zama a teku suka daɗe da sani, kuma kowace tunga akwai bokiti. Tsadar mai ta ƙara wa wannan ilimi daraja ne ma, domin injin da aka daidaita kafiretarsa ya fi tsimin mai.

Akwai kuma masu cewa mutanen ruwa sun fi kowa sanin ruwansu, ba sa buƙatar ɗan birni ya koya musu. A kan ruwa, haka ne. Sarkin ruwa a Yawuri ko Argungu, da Kyadyawan ƙasar Nufe da suka yi ƙarnuka suna riƙe da fiton Kwara, sun san lokacin farin ruwa da na baƙin ruwa, sun san inda dutse yake da inda ruwa ke juyi, suna karanta gabas da ido. Wannan sani gado ne na kaka da kakanni. Inji kuwa shekaranjiya ya zo, bai wuce zamanin kakan matuƙin yau ba, kuma ya zo da abin da gadon bai tanada ba: ya ba da damar a ƙera jirgin da ya fi ƙarfin filafili, a ratsa tsakiyar tafkin da babu shi kafin 1968, a yi nisa da gaɓa fiye da yadda mai gora zai taɓa yi. Idon da ke karanta gabas ma yana da iyaka, domin abin da ya hango ya riga ya kusa. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda aka ƙiyasta mutum 3,000 zuwa 5,000 na mutuwa duk shekara, hukumar yanayi ta duniya ta gudanar da wani shiri daga 2017 zuwa 2021 na isar da hasashen iska da igiya ga masunta cikin harsunansu, ta rediyo da waya da tutoci a mashaya, kuma bitar da aka yi ta nuna mace-macen da yanayi ke jawowa sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A nan gida NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashe kullum. Abin da ya rage shi ne ya isa mashayar Wara da Hausa, ta Muregi da Nufanci, kafin a fara lodi, kuma ya bi ta bakin sarkin ruwa, wanda in ya ce yau ba fita ana jin maganarsa fiye da ta jami'in da ke zuwa sau ɗaya a wata.

Nan ne Kaduna ta shigo, ko da yake jiragen da aka fi gani a cikin garin na masu yashi ne da masu fito da gora. Hedikwatar NBTE, hukumar da ke kula da ilimin sana'a a ƙasar nan tun 1977, a Kaduna take, kuma ita ke riƙe da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaida bisa abin da suka iya, wanda aka riga aka fara gwadawa da maƙeran Panteka tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejinta, a bakin Kainji. Kudancin Kaduna kuwa, daga Kakuri inda Peugeot ta buɗe masana'anta a 1975 zuwa Television da Sabon Tasha, cike yake da hannayen da suka ƙware a ƙananan injuna, da yawansu aikin ya ja baya tun da sola ta fara korar ƙaramin janareto. Ba sai an gina makaranta ba. Kwas na yini biyu a mashaya, ranar da ba kasuwa, da injin matuƙin kansa a gabansa, a harshen da yake ji, sannan a ɗaura shaidar da izinin ɗaukar fasinja. Sai dai makanikin tudu da zai je koyarwa akwai ɗabi'ar da zai fara ajiyewa a gareji. Ya saba in ya gama gyara ya tayar da inji a fili ya ba shi wuta jama'a su ji ƙara. In ya yi wa injin jirgi haka, robar famfon na juyawa a bushe, kafin minti ɗaya ta ƙone, kuma ba za a gane ba sai an yi nisa da gaɓa. Masu gyara a bakin Kainji durom suke cikawa da ruwa, su rataya injin a bakinsa har ruwa ya rufe kafofin da ke saman farfela, sannan su ja igiya, su tsuguna a gefe suna jiran siririn ruwan ya fito.